Farautar kurciya a gandun kiwo ranar ruwa: kurakuran da aka fi yi a Texas

A jihar Texas ta Amurka ranar 1 ga Satumba ake buɗe farautar kurciya a shiyyar arewa da ta tsakiya. Kusan kashi 95 cikin ɗari na filin jihar mallakin mutane ne, saboda haka mafi yawan masu fita ba dajin gwamnati suke shiga ba. Ko dai sun biya mai gandun kiwo, ko kuma aboki ne ya ce su zo gandun iyalinsu. Satumba kuwa wata ne na guguwar teku, ana iya kwana da rana ƙwal a wayi gari da marka. Mutane sun riga sun ɗauki hutu, sun sayi harsashi, ba mai son fasawa, kuma a irin wannan ranar ce ake tafka kurakuran da ke sa ba a sake gayyatar mutum.

Na farko shi ne zama a bakin tafkin shanu kamar yadda aka saba. Lokacin fari wannan dabara ce mai kyau, domin kurciya tana cin busasshiyar ƙwaya, dole da yamma ta nemi ruwa, kuma tana son gaɓar da ba ciyawa inda za ta sauka ta tako. Amma da zarar an yi ruwa, kowane sawun kofato ya zama mashaya. Me zai kai ta tafki? Sai ka ga mutum biyar sun jera kujeru tun la'asar har rana ta faɗi ba wanda ya ɗaga bindiga. Gyaran shi ne a bar ruwa a bi abinci: gonar dawa ko alkama da aka girbe, tudu mai tsakuwa da ke saurin tsanewa, da hanyar da tsuntsayen ke bi tsakanin gona da itatuwan da suke kwana. Ku ba da rabin sa'a kuna kallon sama kafin kowa ya kafa kujera. Busasshen itace a bakin gona, ko giɓi a jerin itatuwa, nan suke ratsawa.

Akwai kuma saurin karaya. Idan ruwa ya tsuge, kurciya kan lafe a cikin ganye, sai a ce yau babu, a naɗe kaya. Alhali da ya ɗauke za su fito da yunwa, kuma sa'ar da ta biyo bayan ɗaukewar ruwa takan fi duk yinin albarka. Yayyafi ma ba ya hana su tashi.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici bai shafi tsuntsu ba, ya shafi ƙasar mutane. Hanyoyin cikin gandu ba kwalta ba ne, kuma baƙar lakar tsakiyar Texas idan ta jiƙa tana kama taya ta yi mata kauri har motar ta daina jin sitiyari. Baƙo ya zo da babbar mota, ya ce tawa ba ta kafewa, ya kutsa. Ko ya fita, ya bar ramuka biyu masu zurfi da za su bushe su yi tauri, mai gandu ya yi wata da watanni yana girgiza a kansu, ko ya kashe kuɗi ya kawo injin baje hanya. Idan kuma ya kauce wa caɓi ya hau makiyaya, ya murƙushe ciyawar da shanu za su ci a hunturu. Mai gandu da wuya ya yi magana saboda kara, amma baɗi ba za ka ji kiransa ba. Kafin ku baro gida a buga masa waya: “Ranka ya daɗe, an yi ruwa a wajenku? Mu zo ko mu ɗaga? Ina za mu ajiye motoci?” Idan ya ce a bakin ƙofa, to a bakin ƙofa, sauran a taka da ƙafa. Ƙyauren shinge kuma a bar shi yadda aka same shi. Wanda aka tarar a buɗe ba mantuwa aka yi ba, wataƙila ta nan shanu ke zuwa ruwa. Kwanson harsashi a tsince shi tun bai nutse a taɓo ba, domin shanu kan tauna abin da suka tsinta. Kuma izinin da aka ba ka naka ne kai kaɗai, bai haɗa da ƙanin matarka da ba a san da zuwansa ba.

Tsawa ba abin jayayya ba ce. Mutum a tsaye a fili, riƙe da ƙarfe, ko ya fake a gindin itace ɗaya tilo, ya miƙa kansa. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta ce da an ji tsawa a shiga gini ko mota mai rufi, a kuma jira minti 30 bayan ta ƙarshe. Haka ruwan da ke bin kan hanya a ƙananan mashigai: zurfin santimita 30 ya isa ya ɗaga ƙaramar mota. A yankin tuddan tsakiyar jihar rafi kan cika cikin ɗan lokaci ko da ba a wurin aka yi ruwan ba, don haka mashigin da kuka haye a bushe da rana ba lallai ku same shi haka da magariba ba.

Sai bindiga. Santsi ya kwashe mutum, bakin bindiga ya soki ƙasa, ya tashi ya karkaɗe wando ya ci gaba. Lakar da ba ta kai ɗan yatsa ba tana iya fasa bututun a harbi na gaba, a hannunsa da fuskarsa. Duk lokacin da bakin ya taɓa ƙasa, a cire harsashi gaba ɗaya, a leƙa ta baya, a zura sanda a share. Wajen tsallake shinge ko rami ma a sauke harsashi tukuna.

Idan gari ya lumshe da iska, kurciya kan yi ƙasa-ƙasa, nan kuma abokai ke harbin juna. Dokar ita ce kada ka ja kunama sai ka ga sarari a ƙarƙashin tsuntsun, kuma wanda ya fara ganin ya yi ƙasa ya ɗaga murya ya gargaɗi saura. Kowa ya san inda kowa yake zaune, kada wani ya canja wuri don gudun caɓi bai faɗa ba. A 2006 mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney ya harbi abokin farautarsa Harry Whittington a gandun Armstrong da ke kudancin Texas, suna farautar salwa, saboda ya juya yana bin tsuntsu da bindiga bai san mutumin yana bayansa ba. Gwanintar shekaru ba ta hana hakan ba. A sa tabarau na kariya ko da ruwa na ɗiga a kansa.

Da yawa suna zaton tunda fili na aboki ne, doka ta tsaya a bakin ƙofa. Kurciya tana ƙarƙashin dokar tarayya ta tsuntsaye masu ƙaura ta 1918, kuma jami'an kula da namun daji suna shiga filayen mutane. Kowa ya riƙe lasisinsa, da ƙarin izinin tsuntsaye masu ƙaura, da rajistar HIP (shirin tattara bayanan farautar tsuntsaye masu ƙaura), a cikin leda ko a waya. Bindiga kada ta iya ɗaukar fiye da harsashi uku. Iyakar mutum guda 15 ce a rana, kuma ba a haɗa lissafi: wanda ya cika nasa ba zai harba wa wanda hannunsa bai faɗa ba, kuma kada a zube na kowa a buhu ɗaya. Babban tarkon ranar ruwa shi ne watsa hatsi. Tsuntsaye sun warwatse, sai wani ya ce bari a zuba buhun masara a jawo su. Haramun ne a doka, kuma filin yana nan a haramce har kwana 10 bayan an kwashe ƙwayar ƙarshe. Idan ka ga tsibin hatsi inda ba gona, ko kusa da na'urar ciyar da barewa, ka tambaya, ka matsa nesa.

Wanda ka harbo, kada ka ɗauke ido daga inda ya faɗi, kada kuma ka harbi na biyu kafin ka ɗauko shi. Jiƙaƙƙiyar kurciya launinta ɗaya da laka, kuma jajayen tururuwan Texas masu cizo, waɗanda ruwa ke fito da su, sukan rufe ta cikin 'yan mintuna. A duba kafin a zura hannu a duhuwa saboda maciji. Musulmi ya yi bismilla lokacin harbi, ya riƙe ƙaramar wuƙa mai kaifi a aljihu domin wadda ya tarar da sauran rai ya yanka ta nan take. Kada a tara su a leda ko a bar su a jakar baya, domin ruwan Satumba ba ya kawar da zafi, kuma laima da gumi kan lalata nama da wuri. A sa su a kula mai ƙanƙara, a ɗora su a sama yadda ba za su kwanta cikin narkakken ruwa ba.

Bindigar da ta sha ruwa kada ta kwana a cikin jakarta, don washegari za ka tarar da jan tsatsa ya feso mata. A daren nan a warware ta, a goge, a bar ta ta sha iska, sannan a shafa mata mai, ita ma jakar a shanya ta a buɗe.