Allura ko iskar shaƙa: yadda nake zaɓar maganin barci a aikin zuciya

Ƙanena, ka tambaye ni wanne ya fi a aikin zuciya, propofol ta jijiya ko iskar shaƙa irin su isoflurane da sevoflurane. Ga yadda nake yi.

Kafin na taɓa kwalba, sai na zauna da majinyaci da danginsa. Ko an taɓa yi wa wani nasu tiyata jikinsa ya ɗau zafi mai tsanani, naman jikinsa ya sandare? Idan suka ce eh, na rufe batun iska da suxamethonium, allurar sassauta naman jiki, ke nan, domin su ne ke tayar da wannan cuta da ake gado, kuma maganinta, dantrolene, ba kowane asibiti ke da shi ba. Allura zalla zan yi.

Idan babu wannan tarihin, kada ka ɗauka iska ce kaɗai ke kare zuciya. Shekaru muka yi muna faɗin haka, saboda gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi sun nuna tana taimaka wa naman zuciya ya jure ƙarancin jini. A 2019 aka buga binciken MYRIAD, mutum 5,400 a ƙasashe 13 da aka yi wa aikin sauya hanyar jijiyoyin zuciya. Bayan shekara guda, kashi 2.8 cikin ɗari na masu iska suka rasu, kashi 3.0 na masu allura. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Ka kuma tuna cewa yawancin matasan da ke zuwa wurinmu ƙofofin zuciya ne suka lalace musu bayan ciwon maƙogwaro tun suna yara, ba irin mutanen wancan binciken ba ne.

Inda nake fi sa ido shi ne lokacin da aka ɗora majinyaci a kan injin zuciya da huhu. Huhu ya daina aiki, iskar da kake turawa ta bututu ba ta isa jini. Dole sai an haɗa kwalbar iskar a jikin injin, ka kuma ga da idonka mai kula da shi ya buɗe ta. In babu wannan kwalba, ka kunna propofol tun kafin a hau injin, kada mutum ya farka ana cikin aiki bai iya motsi ba. Na'urar BIS, mai auna zurfin barcin majinyaci, ina riƙe ta tsakanin 40 da 60.

Propofol yana saukar da jini, don haka a zuciya mai rauni kaɗan-kaɗan nake ba da shi, wani lokaci da wata allurar barci, etomidate, nake farawa. Amma propofol yana rage amai bayan farkawa. Ka duba batirin famfon allura da wurin da aka sa kanula kafin a lulluɓe hannun da zane.