Kafin ki sayi kujerar lilo ta jariri

Assalamu alaikum 'yan uwa iyaye mata. Shawarata ita ce kada ki sayi kujerar lilo sai kin ari ta wata 'yar uwa kin gwada jaririnki a ciki na kwana biyu ko uku.

Dalili shi ne wasu jarirai ba sa jure ta ko kaɗan, kuma amfaninta gajere ne, domin yawancin kujerun an yi su ne don nauyin da bai wuce kilo 9 ba, ana kuma daina sa yaro da zarar ya fara yunƙurin zama ko juyawa, wajen wata 6.

Idan ya karɓe ta, ki zaɓi mai faɗin ƙafafu, mai maɗauri da ke ratsa tsakanin cinyoyi, wadda bayanta ke kwantawa sosai, domin wuyan jariri bai yi ƙwari ba. Ni na fi son marar batir, wadda motsin yaron kansa ke kaɗa ta.

Inda aro ko gwanjo ke da haɗari shi ne tsofaffin samfura. A 2019 an janye wani samfurin kujerar kwantar da jarirai mai suna Rock 'n Play na kamfanin Fisher-Price daga kasuwannin Amurka bayan mutuwar jarirai a cikinsa, saboda haka ki duba sunan da kyau.

Ki ajiye kujerar a ƙasa, ba kan gado ko tebur ba. Idan barci ya ɗauke shi a ciki, ki mayar da shi shimfiɗa, ki kwantar da shi rigingine, domin kansa na iya sunkuyawa ya toshe masa numfashi.