Yadda na hana salak ɗin Kirsimeti tsatso ruwa

Salak ɗin Kirsimeti kan tara ruwa a gindin kwano tun baƙi ba su zauna ba, latas ya yi yaushi. Kokwamba da tumatir ne ke jawo haka da zarar gishiri ya taɓa su.

Bana tun da safe na yanka kokwamba, na barbaɗa mata gishiri kaɗan, na bar ta a kwando minti 30 ta tsane, na goge da tsumma mai tsabta. Tumatir na cire masa 'ya'yan. Latas kuwa na rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma, don iskar hunturu ba ta raga wa ganye. Kabeji da karas na shimfiɗa a gindin kwano. Mayonis da lemun tsami sai da aka fara zuba shinkafa na haɗa.