Famfon zafi da kuɗin ɗumama gida: lissafin da ya kamata sabon zuwa ƙasar sanyi ya yi

Wanda ya sauka a ƙasar da ake hunturu mai tsanani yakan zuba ido a kan kuɗin haya, ya manta cewa akwai wani kuɗin da ke biye da shi watanni biyar ko shida a kowace shekara, wato kuɗin ɗumama gida. A ƙasashen Tarayyar Turai ɗumama ɗakuna kaɗai na cinye fiye da kashi 60 cikin 100 na makamashin da gidaje ke amfani da shi, ban da na dafa ruwan wanka. Saboda haka gidaje biyu masu haya ɗaya na iya bambanta ƙwarai a abin da za su ci wa mutum a shekara, kuma abin da ke kawo bambancin shi ne irin na'urar da ke ba da ɗumi da kuma yadda ginin ke riƙe shi.

Daga cikin na'urorin da sabon zuwa zai ci karo da su akwai famfon zafi, wanda ake gane shi da akwatin ƙarfe mai fanka da ke ajiye a bayan gida ko maƙale a bango, kamar ɓangaren waje na na'urar sanyaya ɗaki. Aikinsu ma iri ɗaya ne, sai dai an juya shi. Firji na kwashe zafi daga cikinsa ya zubar ta baya, shi ya sa bayansa ke da ɗumi, famfon zafi kuwa daga iskar waje yake kwaso zafi ya shigar da shi cikin gida. A cikin bututunsa akwai wani sinadari da ke tafasa a sanyin da ya wuce na ƙanƙara nesa, ta yadda ko iskar da take digiri 5 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius ta fi shi ɗumi, kuma tana iya mayar da shi tururi. Kwamfureso ya matse tururin har ya yi zafi sosai, sannan a miƙa wannan zafi ga ruwan da ke zagaya radiyetoci, wato farantan ƙarfe da ke ba da ɗumi a jikin bangon ɗaki, ko ga iskar da ake hurawa cikin ɗakuna. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin masanin kimiyya Lord Kelvin ya yi bayaninta tun 1852, kuma a 1938 aka girka irin wannan na'ura a zauren majalisar birnin Zurik na Suwizalan, tana jan zafi daga ruwan kogin Limmat.

Asalin rangwamen kuɗin da famfon zafi ke kawowa yana nan: lantarkin da ake biya ba shi ake mayarwa zafi ba, kwamfureso da fanka kawai yake juyawa. Hita ta lantarki, kowace iri ce kuma komai tsadarta, kilowat-awa 1 na zafi, wato ma'aunin da mita ke ƙirga makamashi da shi, take bayarwa a kan kowane kilowat-awa 1 na wuta. Famfon zafi da aka girka da kyau yana ba da 3 zuwa 4 a kan wannan kilowat-awa ɗin idan aka ɗauki matsakaicin hunturu gaba ɗaya. Idan sanyi ya tsananta adadin na raguwa, amma ko a digiri 10 ƙasa da sifili na'urorin zamani na ba da kusan ninki biyu, kuma waɗanda aka ƙera domin yankunan arewa na ci gaba da aiki har wajen digiri 25 ƙasa da sifili. Ƙasashen da suka fi kowa amfani da shi a Turai su ne waɗanda suka fi sanyi, inda alƙaluman Hukumar Makamashi ta Duniya suka nuna kusan kashi 60 cikin 100 na gidajen Norwe na da shi, a Suwidin da Finlan kuma sama da kashi 40.

To amma ninki uku na zafi ba ya nufin kuɗi ya ragu ninki uku a ko'ina, kuma nan ne masu talla ke gaggawar wucewa. A ɗauka gida na buƙatar kilowat-awa 10,000 na zafi a shekara. Da hita ta lantarki za a sayi wuta kilowat-awa 10,000 cif. Da famfon zafi mai ba da ninki uku za a sayi kimanin 3,300, wato an rage kashi biyu bisa uku na kuɗin, kuma wannan rangwame tabbatacce ne ko nawa ake sayar da wuta. Idan kuwa gidan da boilar gas ake ɗumama shi, wato tukunyar da ke ƙona gas ta dafa ruwan radiyetoci, wadda ke mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na gas ɗin zafi, za a sayi gas kilowat-awa 11,100. Ke nan ana gwada 3,300 na lantarki ne da 11,100 na gas, kuma famfon zafi zai fi sauƙi ne kawai idan farashin kilowat-awa na lantarki bai kai ninki 3.3 na farashin gas ba. Idan na'urar ta kai ninki huɗu, iyakar na ɗagawa zuwa 4.4, idan kuma aka girka ta da sakaci ta tsaya a ninki biyu da rabi, iyakar na faɗowa zuwa 2.8.

Wannan lissafi kowa zai iya yin sa da takardar kuɗin wuta da ta gas, tunda a yawancin ƙasashen Turai duka biyun da kilowat-awa ake rubuta su, sai a raba farashin wuta da na gas a ga abin da ya fito. A Birtaniya, alal misali, a 'yan shekarun nan lantarki na kusan ninki huɗu na gas, shi ya sa gidan da ya bar boila ya koma famfon zafi a can kan tarar kuɗinsa bai sauya sosai ba, sai idan na'urar tana aiki da kyau ƙwarai ko an shiga tsarin biya mai rahusa a wasu sa'o'i. A Norwe kuwa, inda mafi yawan wutar daga madatsun ruwa take fitowa, gas ɗin bututu bai yaɗu a gidaje ba, aka kuma hana ɗumama gine-gine da man fetur tun 2020, ba a ma dogon tunani. Wanda gidansa ke ƙona man ɗumama ko gas ɗin tanki, waɗanda galibi suka fi gas ɗin bututu tsada, shi ma yana cikin masu cin riba. Akwai kuma wani ƙaramin rangwame da ake mantawa: gidan da ya yanke gas gaba ɗaya ya huta da kuɗin layi da ake caja kullum ko an kunna ko ba a kunna ba.

Mafi yawan sababbin zuwa haya suke shiga, ba su da ta cewa a kan na'urar da ke gidan, amma suna da zaɓi a kan gidan da za su kama. Kafin a sa hannu a yarjejeniya ya kamata a tambayi mai gida ko dillali da me ake ɗumama gidan, ko kuɗin ɗumama na cikin haya, da kuma nawa ɗan hayan da ya fita yake biya a watannin sanyi. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tilasta a nuna wa mai neman haya takardar shaidar makamashi ta ginin, wadda a yawancinsu ake jera darajarta da haruffa daga A, kuma duk lokacin da harafin ya yi nisa da A, ginin ya fi zubar da zafi. A ganina ɗakin da ya fi cutar sabon zuwa shi ne mai arhar haya a tsohon gini, mai taga gilashi ɗaya da hitocin lantarki a bango, domin abin da aka rage a haya yakan fita ta mita kafin hunturu ya raba.

Wanda ya samu gida mai famfon zafi kuma, rangwamensa ya dogara ne ga yadda yake tafiyar da shi, kuma ɗabi'ar mai tsimi ta kashe na'ura da zarar za a fita tana iya jawo akasin abin da ake nema. Boila na tura ruwa mai digiri 60 zuwa 70 cikin radiyeta, ta ɗumama ɗaki cikin ɗan lokaci. Famfon zafi ya fi inganci idan ruwan bai wuce digiri 35 zuwa 45 ba, kuma kowane digiri da aka ƙara wa ruwan na rage ingancinsa da kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Don haka an tsara shi ne ya yi ta aiki a hankali na sa'o'i masu yawa, yana mayar da zafin da ginin ke asara. Radiyeta mai ɗumi-ɗumi da ba ta ƙona hannu ba alamar lalacewa ba ce. Idan aka kashe shi da safe gida ya huce, aka dawo da yamma aka murɗa ma'aunin bango, wato abin saita ɗumin gida, zuwa digiri 26, sai na'urar ta ɗaga zafin ruwa ko ta kunna hitar taimako da ke cikinta, wadda ke cin wuta kamar kowace hita. A Amurka da Kanada ma'aunin bango yakan nuna lokacin da wannan hitar taimako ta kama, kuma akwai maɓallin ɗumama na gaggawa da ke kashe famfon ya bar ta ita kaɗai, wanda bai kamata a taɓa ba sai na'urar waje ta lalace. Abin da ya fi shi ne a tsayar da ma'aunin a digiri 19 zuwa 21, a rage digiri biyu ko uku kawai da dare ko lokacin da babu kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada cikin gida ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi, ballantana inda ake da jarirai ko tsofaffi, saboda haka tsimin na da iyaka.

Idan aka ga tururi na tashi daga akwatin waje a ranar sanyi, fanka ta tsaya na 'yan mintoci, ruwa na ɗiga ƙasa, na'urar ce ke narkar da ƙanƙarar da ta taru a jikinta, kuma haka aka tsara ta. Kada a lulluɓe akwatin ko a jingina kaya a gabansa, a riƙa share dusar ƙanƙara idan ta taru kewaye da shi, a kuma wanke matatar iska ta cikin ɗaki a kai a kai idan irin mai hura iska ne. Sayen ƙaramar hita a jona a ɗakin kwana, alhali ga famfon zafi a gida, biyan kuɗi ne ninki uku a kan ɗumi ɗaya.

Ga wanda ya kai ga mallakar gida, matsalar ita ce kuɗin girkawa, wanda ya fi na boila nesa, musamman irin da ke jan zafi daga ƙarƙashin ƙasa, inda ake haƙa rijiyar burtsatse mai zurfin mita 100 zuwa 200 kamar yadda aka saba a Suwidin. Gwamnatoci na taimakawa, amma dokokin na sauyawa: a Ingila da Wales tallafin ya kai fam 7,500 tun Oktoban 2023, a Jamus yana iya kai kashi 70 cikin 100 na kuɗin da aka amince da shi tun 2024, a Amurka kuma rangwamen harajin tarayya da ya kai dala 2,000 ya ƙare a ƙarshen 2025. Na'urar kan yi shekara 15 zuwa 20, don haka wanda ba ya da niyyar daɗewa a gidan ya fi masa ya fara kashe kuɗi wajen toshe kafofin iska da ƙara kaurin rufin da ke hana zafi fita ta saman gida.

Yawancin na'urorin zamani na nuna adadi biyu a allonsu ko a manhajar waya, wato wutar da suka ci da zafin da suka bayar. Bayan wata guda na hunturu sai a raba na biyu da na farko. Idan abin da ya fito ya kai 3 ko ya wuce, na'urar na aikinta. Idan ya gaza 2.5 a sanyin da bai tsananta ba, galibi zafin ruwan ne aka saita sama da ƙima ko hitar taimako ke yawan kamawa, kuma ɗan haya ya rubuta wa mai gida da waɗannan alƙaluma ya nemi a turo mai gyara ya sake saita ta.