Zabbix agent yana aiki da hannu amma ya ƙi aiki a matsayin sabis: yadda ake gyara izinin akawunt a Windows

Matsalar nan kusan kullum kala ɗaya take zuwa da shi. Ka saka Zabbix agent, wato ƙaramar manhajar da ke tattaro wa tsarin sa ido na Zabbix bayanai, a saba ta Windows don ya riƙa duba maka girman fayil ɗin bakof da ke wata folda a netwok, ka buɗe cmd ka gwada, lamba ta fito tsaf, ka koma dashbod sai ka tarar da jan rubutu wai Not supported. Sai mutum ya fara zargin fayawol, ya cire agent ya sake sakawa, wani ma har ya yi ristat ɗin saba da tsakar rana mutane na aiki. Alhali abin da ke faruwa shi ne agent ɗin sabis ne, wato manhajar da Windows ke tayarwa da kanta a bayan fage, kuma ba da sunanka yake aiki ba. Kai admin ne, ko'ina ka je an san ka, shi kuwa da wani akawunt daban Windows ta tashe shi, kuma wannan akawunt ɗin shi ake tambaya izini ba kai ba.

To ka fara da sanin waye shi. Buɗe cmd ka rubuta

sc qc "Zabbix Agent 2"

ka duba layin SERVICE_START_NAME. In a PowerShell kake to sc.exe za ka rubuta cikakke, don a Windows PowerShell sc kaɗai wani umarni ne daban na rubuta fayil, ba zai nuna maka komai ba. Yawanci LocalSystem za ka gani, da shi agent ɗin yake zuwa. Mutane na jin LocalSystem sai su ce ai shi ne mai gida, me zai gagare shi? Gaskiya ne a cikin kwamfutar ba abin da ya fi ƙarfinsa, amma da zarar ya leƙa waje sai ya zama kamar mai unguwar da ya shiga unguwar wani, rawaninsa ba ya buɗe masa ƙofar kowa. A domain, wato netwok ɗin da ake riƙe akawunt ɗin kowa a wuri ɗaya, yana fita ne da sunan kwamfutar, wato irin OFIS\SABA01$ da alamar dala a ƙarshe. Network Service ma da sunan kwamfutar yake fita sai dai ƙarfinsa a cikin gida kaɗan ne, Local Service kuwa ba shi da suna ma a netwok, baƙo ne kawai.

Yanzu gwaji, kuma nan ne nake so ka tsaya sosai. Idan ka yi zabbix_agent2.exe -t da key ɗinka (sunan abin da kake so agent ya auna) a cmd, da akawunt ɗinka ya gudana, don haka amsar da ta fito ba ta ce komai game da sabis ɗin ba. Gwajin gaskiya shi ne daga Zabbix saba ka yi

zabbix_get -s 192.168.1.20 -k "vfs.file.size[\\\\NAS01\\bakof\\db.bak]"

wannan yana bugawa ne kai tsaye ga sabis ɗin da ke sauraro a fot 10050, kuma dole adireshin da kake bugowa daga shi ya kasance a layin Server= na config, in ba haka ba agent zai katse ka tun kafin a zo maganar izini. In -t ya ba ka lamba, zabbix_get ya ba ka ZBX_NOTSUPPORTED, shikenan ka kama ɓarawon, akawunt ne. Kana kuma iya shiga rigarsa gaba ɗaya da PsExec, wata ƙaramar manhaja cikin kayan Sysinternals na Microsoft, ka buɗe cmd a matsayin admin ka yi psexec -s -i cmd.exe, sabuwar taga za ta buɗe, rubuta whoami za ka ga nt authority\system, wato LocalSystem ɗin nan. Daga cikin tagar nan ka yi dir na foldar, duk abin da ya ce maka shi ne abin da yake ce wa agent ɗin.

Abu na farko da za ka lura a tagar nan, in ka ba foldar netwok harafi kamar drayif Z:, babu shi. Harafin da ka yi mapping na zaman shigarka ne kai kaɗai, sabis ba ya ganinsa, don haka duk inda ka rubuta Z:\ a key ko a skirif ka mayar da shi cikakken adireshi mai \\ a farko. Haka duk wani faswod da ka taɓa cewa Windows ta tuna maka, a furofayil ɗinka yake. Skirif ɗin da ka haɗa da UserParameter (layin config da ke sa agent ya gudanar da umarninka) shi ma da akawunt ɗin agent yake gudana, in yana neman wani abu a %APPDATA% to na SYSTEM yana can ƙarƙashin C:\Windows\System32\config\systemprofile, ba inda ka ajiye naka ba.

Gyara mafi sauƙi in kuna da domain, ka je kwamfutar da foldar take ka ba akawunt ɗin kwamfutar agent izinin karantawa. Wajen ƙara suna sai ka danna Object Types ka yi tik a Computers, in ba ka yi ba zai ta ce maka bai san sunan ba. Kuma wuri biyu ne fa, akwai na Sharing akwai na Security, wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ke aiki, mutane da yawa ɗaya suke gyarawa su tafi. In kuma cikin wani gurup ka saka kwamfutar to ba za ta san an saka ta ba sai an yi ristat, ko ka yi klist -li 0x3e7 purge ta karɓo sabon tikitin shaida daga domain.

In ofishinku ba domain, workgroup ne kawai kamar yawancin ƙananan ofisoshi, wannan hanyar ba za ta yi ba. Ka ƙirƙiri akawunt mai suna ɗaya da faswod ɗaya a kwamfutocin biyu, sannan ka sa sabis ɗin ya riƙa tashi da shi.

Canza akawunt ɗin kuwa a services.msc ake yi, danna sabis ɗin sau biyu, shafin Log On, This account. Nan ne Error 1069, wato sabis ya ƙi tashi don ya kasa shiga da akawunt ɗin, yake jiran mutane. Kar ka tsaya hasashe, buɗe Event Viewer ka shiga System. In ka ga 7038 yawanci faswod ne ba daidai ba, ko an canza shi ko ya ƙare, in kuma 7041 ne to akawunt ɗin ba shi da haƙƙin Log on as a service. Services.msc da kansa yake ba da haƙƙin nan lokacin da ka danna OK, amma sc.exe config ba ya bayarwa, sai ka je secpol.msc ƙarƙashin User Rights Assignment ka ƙara da hannu. Wanda ya fi cin rai shi ne ka gyara yau komai lafiya, bayan kwana biyu an ɗauke wuta saba ta tashi sabis ya ƙi tashi. Wannan aikin Group Policy ne, wato dokokin da domain ke turo wa kwamfutoci, tana da nata jerin sunayen, in ta zo sabuntawa sai ta goge wanda ka ƙara. Yi gpresult /h rahoto.html ka ga wace policy ce, a can za a ƙara sunan, in ba kai ke riƙe da domain ɗin ba ka yi wa mai riƙe da shi magana.

Don Allah kar ka saka akawunt ɗin sabis ɗin a gurup ɗin Domain Admins don kawai jan rubutu ya tafi. Na san zai tafi ɗin, amma faswod ɗin sabis yana ajiye ne a cikin kwamfutar, duk wanda ya samu admin a saba ɗaya tak zai iya zaro shi, daga nan kuma duk netwok ɗinku ya zama nasa, saboda girman fayil ɗin bakof. Agent karatu kawai yake yi. Ba shi Performance Monitor Users don ya karanta perf_counter, Event Log Readers in kana son ya duba log, izinin karanta config da fayil ɗin PSK (makullin sirrin da agent ke magana da saba da shi) in kana amfani da shi, da izinin rubutu a foldar da LogFile yake nunawa. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa, agent ya kasa buɗe log ɗinsa ya mutu, kai kuma ka je log neman dalili ka tarar ba a rubuta komai ba. In domain ɗinku ya kai Windows Server 2012 zuwa sama ni gMSA nake ba da shawara, wato akawunt na musamman na sabis a domain, Windows ce ke canza masa faswod da kanta duk kwana 30, kai dai ka rubuta sunan da $ a ƙarshe ka bar wajen faswod fanko, maganar 1069 saboda faswod ya ƙare ta wuce kenan.

In duk ka yi wannan har yanzu akwai abin da ya ƙi, ɗauko Process Monitor, shi ma na Sysinternals ne. Saka filta biyu, Process Name ya zama zabbix_agent2.exe, Result ya zama ACCESS DENIED, sannan ka yi ristat ɗin sabis ɗin kana kallo. Zai jero maka ainihin fayil ko wurin rajistiri da aka hana shi, in ka danna layin sau biyu za ka ga har akawunt ɗin da aka hana. In skirif ne ke faɗuwa ka ƙara powershell.exe ko cmd.exe a filtar don shi ne ke taɓa fayil ɗin ba agent ba. Ka ba da izini a wurin da ya nuna kaɗai, ka sake ristat ɗin sabis don sabon gurup ba ya kama akawunt sai ya sake shiga, sannan ka maimaita zabbix_get ɗin nan.