Kurakuran da aka fi yi wajen rage gishiri, da yadda ake gyara su

Idan likita ya auna mutum ya ce masa jininsa ya hau, ya rage gishiri, abin da akasari ake fara yi a gida shi ne a rage wanda ake zubawa a tukunya, a ɗauke na kan tebur, sannan a sakankance cewa an bi umarni. Bayan 'yan watanni sai a koma asibiti a tarar awon bai sauka yadda ake fata ba. Sau da yawa an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin gishirin da hannu ke barbaɗawa wani yanki ne kawai na wanda ke shiga ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya tsaya ƙasa da giram 5 a yini, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, amma rahotonta na 2023 ya nuna matsakaicin abin da ake ci a duniya ya kai giram 10.8, ninki biyu ke nan har da ɗori.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne mutum ya mayar da harshensa ma'auni. Burodi ba ya ɗanɗanon gishiri, alhali galibi akwai kusan giram 1 a cikin kowane giram 100 nasa, kuma abinci ne da ake ci kullum ba tare da lissafi ba. A biskit da hatsin karin kumallo na kwali da tumatirin kwalba, zaƙin sukari ne ke rufe gishirin. Soseji da naman gwangwani da cuku kuwa da gishiri ake adana su tun daga masana'anta. Ƙunshi ɗaya na taliyar nan mai dahuwa cikin minti uku, idan aka juye duk garin ɗanɗanon da ke tare da ita, yakan cinye fiye da rabin kason yini. A Amurka, fiye da kashi 70 cikin 100 na sinadarin sodiyam (wato ɓangaren gishiri da ke sa jini ya hau) da mutane ke ci daga abincin kwali da na gidajen cin abinci yake fitowa. Gyaran shi ne a fara daga abin da ake sayowa kafin a zo kan tukunya: ɗanyen nama da kifi a madadin waɗanda aka sarrafa, wake da hatsin da za a dafa da hannu, da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, waɗanda sinadarin fotasiyam da ke cikinsu ke taimaka wa ƙoda wajen fitar da sodiyam. Idan babu makawa sai waken gwangwani, a tsiyaye ruwansa a ɗauraye shi, hakan na zubar da kaso mai yawa na gishirin.

Akwai kuma masu rage gishiri su ƙara dunƙulen ɗanɗano don kada miya ta yi lami. An gudu ba a tsira ba, tunda kusan rabin nauyin dunƙulen gishiri ne.

Waɗanda suka fara duba rubutun bayan kwali ma sukan faɗa wani ramin. Kamfanoni da yawa adadin sodiyam suke rubutawa, shi kuma sodiyam kashi 40 cikin 100 ne na gishiri, don haka sai an ninka shi sau biyu da rabi kafin a san gaskiyar lamarin: miligiram 400 na sodiyam daidai yake da giram 1 na gishiri. Sannan adadin da ake rubutawa da manyan baƙaƙe sau da yawa na kason ci ɗaya ne kamar yadda kamfanin ya ƙayyade shi, ba na ƙunshin gaba ɗaya ba. A ce an rubuta miligiram 480, a ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe an ce ƙunshin kaso uku ne. Wanda ya cinye shi a zama ɗaya ya ci miligiram 1,440, wato giram 3.6 na gishiri, tun kafin ya zauna cin abincin rana. Abin da ya fi sauƙi shi ne a riƙa duba layin giram 100, domin da shi ake iya kwatanta kaya biyu. A ma'aunin da ake amfani da shi a Birtaniya, abin da ya wuce giram 1.5 na gishiri a giram 100 mai yawa ne, giram 0.3 zuwa ƙasa kuma kaɗan ne.

Gishirin teku da jan gishirin dutse da ake tallatawa da sunan lafiya ba su da wani bambanci na a-zo-a-gani, duk sodiyam ne a jiki, ga shi wasunsu ba su da sinadarin aidin da ke kare mutum daga maƙoƙo. Wanda ya bambanta da gaske shi ne gishirin da aka maye wani ɓangarensa da fotasiyam. Wani bincike a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, mai mutum kusan 21,000, da aka wallafa a 2021, ya gano irin wannan gishiri ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin 100. Sai dai mai ciwon ƙoda, da mai shan wasu magungunan hawan jini da ke tara fotasiyam a jini, kada su taɓa shi sai da izinin likita, domin yawan fotasiyam na iya dagula bugun zuciya.

Inda na ga niyya ta fi rushewa shi ne wajen yanke gishiri lokaci guda. Abinci ya koma lami, mutanen gida su yi ta ƙorafi, kafin mako biyu an koma gidan jiya. Harshe na sabawa da ƙarancin gishiri, amma yana buƙatar makonni. Don haka sai a riƙa ragewa sannu a hankali. Da wannan dabarar Birtaniya ta sa kamfanoni suka riƙa rage gishirin burodi da sauran kaya kaɗan-kaɗan, matsakaicin cin gishiri ya sauka daga giram 9.5 a 2003 zuwa 8.1 a 2011, galibin masu saye ba su ma lura ba. A ɗakin girki, mai dafa abinci ya daina ɗiba da yatsu ya koma aunawa da cokali, ya riƙa rage kaɗan duk mako. A soya albasa har ta yi ja, a sa tafarnuwa da citta da barkono, a matsa lemon tsami bayan an sauke tukunya, domin tsami na farfaɗo da ɗanɗano yadda ba za a ji rashin gishirin sosai ba. Ɗan abin da za a sa kuma a bari sai ƙarshen girki, bayan an ɗanɗana.

Shan ruwa da yawa bayan cin abu mai gishiri ba ya goge abin da aka ci. Magungunan da ake jefawa a ruwa su yi kumfa, irin wasu na ciwon kai da na ƙwannafi, suna ɗauke da sodiyam mai yawa, ya kamata mai hawan jini ya tambayi mai ba da magani ko akwai na haɗiya. Wanda kuma ya ga awonsa ya fara sauka kada ya ajiye maganin hawan jini da kansa, ya kai wa likita sakamakon awon, shi zai duba ko lokacin rage maganin ya yi.