Idan bayan mota yana ƙara a kan gargada

Salam 'yan uwa masu Hilux da Land Cruiser a Kumasi. Idan bayan motarku yana "ciki-ciki" a kan gargada, musamman da ƙurar hunturu, kada ku yi saurin sayen shok. Yawanci robar bush ce ta bushe, wato robar da ke zagaye da ƙusa a inda sifirin da shok suka haɗu da jikin mota.

Ku faka a wuri mai daidai, ku ja birkin hannu, wani ya riƙa danna bayan motar kuna saurare. Sai ku fesa ruwa a bush ɗaya bayan ɗaya, na kan sifirin da na shok. Wanda ƙarar ta ɗauke a kansa, shi ne mai laifin. Ku sa ƙarfe ku ɗan banƙare shi: idan robar ta tsattsage ko ƙusar tana wasa a ciki, canji kawai, hagu da dama tare.

Don Allah kada ku bari a shafa masa baƙin mai ko giris, suna kumbura roba har ta ruɓe. Feshin silikon ya isa.

Idan kun kai Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota a Kumasi, ku tsaya a kan fita (makanike) ya sauke motar daga jak kafin ya ɗaure ƙusoshin tamau. In ya ɗaure tana sama, robar za ta murɗe, sabon bush ya yage da wuri.